Abin da Kawu Ya Gani Wajen Wankan Gawa

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na Ƙofar Marke, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wan mahaifiyata ne, tsohon sufeton 'yan sanda, kuma shi ya zame mana uba, ni da ƙanena Auta, tun da namu ya rasu muna ƙanana. Ni tela ce, keken ɗinki na sani, rubutu ba sana'ata ba ce. Abin da na ji ana faɗa a zaman makokinsa ne ya ƙi kwanta mini a rai, shi ya sa na ture keken gefe na ɗauki alƙalami.

A tsakar gida, inda mu mata muke, kowa da irin yabon da ta zo da shi. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta ce bai taɓa wuce ƙofarta bai tambayi ƙafarta mai ciwo ba. Wata ta ce ko da kaki a jikinsa yakan durƙusa wa tsofaffi. Inna, wato mahaifiyata, carbi kawai take ja tana kallon buta. Sai wata daga dangin mijina ta gyara mayafi, ta sauke murya daidai yadda kowa zai ji, ta ce, "Mutumen kirki na, wallahi. Allah dai Shi yahe mashi tone-tonen da yay yi." Mata suka amsa da amin, har da waɗanda ba su san tonon me ake nufi ba. Na cije leɓe, don gidan makoki ne, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ranar sadakar uku abin ya fi haka muni. Na taso daga unguwarmu Minanata da safe, ina isowa bakin titin da ake shiga lungun Kawu na tarar an kafa wani kurtu, sabon ɗan sanda da kakinsa bai ko sha wanki ba, a tsakiyar kwalta. Ƙafafunsa a haɗe, ƙirji a waje, hannun dama a sama, yana tsayar da motoci don Sufuritanda, babbansu, zai zo ta'aziyya. Na tsaya ina kallonsa har mai babur ya yi mini tsawa. Duk Sakkwato ba ƙofar da bai kamata a yi wannan tsayuwa ba kamar ƙofar Kawu, kuma a nan suka ga damar yin ta. Zan faɗi dalili.

Kawu ɗan gidan malamai ne. Lokacin da ya shiga aikin 'yan doka, kakanmu ya daɗe bai amsa gaisuwarsa ba, yana ganin ɗan da ya sauke Alƙur'ani bai dace da kulki ba. Amma kafin nan tsohon ya riga ya koya masa wankan gawa, da dukan ladubbansa. Da aka haɗe 'yan doka da 'yan sanda, Kawu ya zama malamin kurata, shi ke koya musu fareti da tsaron hanya. A bariki kuwa, duk Musulmin da ya rasu a bakin aiki, shi ake aika wa. Ba a ba shi wannan aiki a takarda ba, mutane ne kawai suka san shi da shi. Yana da wata al'ada da ba kowa ya sani ba: yakan naɗe kakin mamacin ya kawo gida, ya wanke jinin da hannunsa, ya goge, sannan ya kai wa matar. Ya ce mace ba ta ga wannan ba ma kukanta ya ishe ta.

Ba mutum ne mai sanyi ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Bakinsa da kaifi. Ni yakan kira ni Sarkin Baki, in ce masa a wurinsa na gada, ya yi dariya ya ɓara goro ya ba ni ƙaramin ɓarin. Idan za mu kasuwa da shi muna yara, ba ya barin mu ba mota baya, sai mu bi gefen da muke fuskantarta. In ɗayanmu ya kauce, ranƙwashi ne.

Tsayuwar da na gani a jikin kurtun nan, Kawu da kansa ya yi shekara da shekaru yana koyar da ita. Ta samo asali ne tun zamanin da motocin garin nan kowa ya san mai kowace, direba kuwa in ya hango jar hular ɗan doka tun daga nesa jikinsa ke rawa. A lokacin hannu ɗaya ya isa. Sai kuɗin mai suka shigo. Aka shimfiɗa kwalta, gine-gine suka tashi ko'ina, tireloli suka cika hanya ɗauke da siminti da rodi, direbobinsu baƙi, ga gajiya, ga birkin da bai san nauyin da aka ɗora masa ba. Hanya ta sauya, mota ta sauya, tsayuwar ɗan sanda tana nan yadda aka gada.

Maigidana kofur ne. An tura shi shingen da ke kan hanyar Dundaye, inda ake duba manyan motoci. Wata safiya ya sha kunu, ya ce in rage masa ƙosai zai dawo ya ci. Kafin azahar an binne shi. Tirela ce ta bi ta kansa. Waɗanda suka zo daga ofis suka ce kwana ne ya ƙare, muka ce haka ne, don haka ɗin ne. Ba wanda ya zauna ya tambayi ina yake tsaye, ko me ya sa. Aka share jinin da ƙasa, washegari aka tura wani ya tsaya daidai wurin.

Kawu ne ya wanke mijina. Ina cikin takaba ya zo, ya zauna a bakin ƙofata ta bayan asabari, muka gaisa. 

Ya ce, "Ɗiyata, roƙo niz zo yi."

Na ce, "Kawu, mi za ka roƙa ga wadda ba ta da komi?"

Ya ce, "Mijinki ba shi na na hwarko ba. Duk wanda anka kawo mani daga hanya, karaya guda ta: ƙugu da ƙirji, ta gaba. Babu wanda mato tas same shi ta baya. Suna ganinta tahe, ɗiyata. Tsaye suke yadda nik koya musu."

 Na ce, "Ya gan ta?"

"Ya gan ta."

"Bai gusa ba?"

"Bai gusa ba. Hannunai na sama."

Kowa a garin nan ya san mai wankan gawa amana gare shi. Abin da idonsa ya gani tsakaninsa ne da Allah, ko matarsa ba ya gaya wa. Na tuna masa da wannan, duk da na san ya fi ni sani. Ya ce, "Abin da anka hana a hwaɗi, aibi na. Mijinki bai yi aibi ba, umurni yab bi. Ina so in gaya ma kurata yadda yam mutu, da sunanai, don in nic ce wani kohur can, ba su ji. Amma sai kin yarda."

A lokacin Auta ya riga ya ba da sunansa zai shiga aikin, an ce su jira ɗiba mai zuwa. Shi na tuna. Na ce wa Kawu ya je ya faɗa, da sunan, da komai, kada ya rage ko kalma.

Yadda darasin ya kasance, a bakin kurata na ji, don sukan kawo mini kaki in rage musu. Sun ce yakan fitar da su fili ya zaunar da su a ƙasa, ya ɗauko mamatan ɗaya bayan ɗaya. Wane a nan yake tsaye, rana tana idon direba, motar siminti ta ɗauko, ga inda tayoyinta suka fara jan ƙasa, ga inda ta tsaya, ga ƙashin da ya karye. Sai ya tambaye su, da a ce kai ne, ina za ka tsaya? Wata rana ya sa aka cika duro da yashi, aka kai shi saman gangare, ya tsayar da wani mai cika baki a ƙasa ya ce ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Aka saki duro. Yaron ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙaya, 'yan'uwansa suka fashe da dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Wanga duro na, kun gudu. Mato ba ta san kaki ba." Daga nan ya koya musu sabon tsari: duro shi zai tsaya a tsakiyar hanya, mutum a gefe, inda yake da wurin faɗawa in abu ya ɓaci, ido kuma a kan taya, ba a kan fuskar direba ba.

Ba a jima ba labari ya kai ga wan mijina, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, mutum mai son a ce gidansu ba a taɓa jin kansu ba. Ya zo zauren Kawu da zafinsa, bai ko cire takalmi ba. Matar Kawu tana bayan ƙofa, ita ta ba ni labari.

Ya ce, "Malam, ka mai da ƙanena abin kwatance ga yara! Mun ba ka amanar gawa, ka kai ta hili kana tallatawa. Ɗan malamai da kai!"

Kawu ya ce, "Na nemi izni ga matatai."

"Mace mai takaba mi tas sani? Mu ad da shi!"

A nan bakin Kawu ya yi halinsa. Ya ce, "Ku ad da shi? Ran da anka kawo shi, kai ko tsayawa ba ka iya ba a kwance mashi ɗamara, waje kah hita kana amai. Ni nit tattara shi." Gaskiya ce, amma gaskiyar da bai kamata a faɗa wa mai jimamin ɗan'uwansa ba. Mutumin ya fita, har Kawu ya koma ga Allah ba su sake gaisawa ba. Daga baya Kawu ya ce mini maganar nan ita kaɗai yake nadama a cikin lamarin duka.

Wan mijina ya kai ƙara ofis. Ƙarar ta faɗa hannun Sufuritanda, wanda yana kurtu Kawu ne ya koya masa ɗaure ɗamara. Shi kuwa dama neman dalili yake. An ce wata rana ayarin gwamnan soja ya wuce wani shinge, aka ga 'yan sanda a gefen hanya maimakon tsakiya, wani hafsa ya yi dariya ya tambaya ko gyaɗa suke sayarwa. Wannan dariyar ta fi ci wa Sufuritanda rai fiye da duk gawarwakin da aka kwasa a hanya. Ya kira Kawu ya ce yana koya wa yara tsoro, yana sa soja su raina kaki, ga shi kuma yana taɓa mutuncin mamata. Ka ji wai mutuncin mamata, daga bakin wanda bai taɓa zuwa jana'izar ko ɗaya daga cikinsu ba. Aka cire Kawu daga koyarwa aka mai da shi sito yana tsaron takalma da barguna, bayan ɗan lokaci aka ce ya huta.

Da ɗibar su Auta ta shiga, tsohuwar tsayuwa aka koya musu. Kawu ya riƙa kiransa gida duk Juma'a bayan masallaci yana warware abin da aka ɗaura masa a mako. Da suka gama, sai aka tura Auta shingen hanyar Dundaye, wurin da mijina ya mutu. Ban sani ba ko ganganci ne ko rashin kula, kuma ban san wanne ya fi ban ƙyama ba. Tun daga ranar, in na ji ƙugin babbar mota da hantsi, ƙafata kan tsaya cak a kan keke. Na ba titin nan miji, ga shi an kai masa ƙane.

Auta ya riƙe maganar Kawu, yana tsayawa gefe. Wata rana jif ɗin Sufuritanda ta biyo, aka gan shi, aka kulle shi a gadirum, aka ce in ya kuma za a kore shi. Da ya fito ya zo gidan Kawu, ina nan na kawo wa matarsa ɗinki. Ya zauna ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Kawu, in nik koma gehe, korata za su yi."

Kawu ya ce, "In sun kore ka, ga tuwo nan gidan, ba a hana ka ba."

"Abokaina suna ce mani matsoraci."

Kawu ya dube shi, ya miƙa masa tafukan hannunsa biyu, ya ce, "Dibi hannuwan ga. Sun wanke mijin yayarka. Ni ba ni wanke ka, ka ji ko? Kai za ka wanke ni." Ya tashi ya shige ɗaki wai zai ɗauko goro.

Abin da muke tsoro ya zo da la'asar ɗin wata Laraba. Tirela ta gangaro da rodi, birki ya ƙi. Auta yana gefe, idonsa a kan taya, ya ga ba ta rage gudu ba, ya faɗa kwalbati. Ta kwashe duron da ke tsakiyar hanya ta matse shi kamar gwangwanin madara, ta karya sandar shinge, ta tafi can cikin gonar gero kafin ta tsaya. Auta ya fito da gurjewa a gwiwa. Da aka kawo shi gida Inna ta riƙa shafa fuskarsa tana kuka, ni kuwa na zauna a ƙasa.

To, a nan ne aka yi bincike. Mijina ya mutu ba a zauna ba. Waɗanda suka riga shi ba a zauna ba. Amma da duro ya mutu, manya suka zauna a kan kujeru, aka kira shaidu, aka auna inda duron yake da inda ya kamata kurtu ya kasance. Aka gano cewa Auta ba ya wurin da aka ajiye shi a lokacin da motar ta iso. Wallahi haka suka ce, ba kunya. Laifinsa barin wurin aiki, hukuncinsa kora. Na tambayi Kawu, da sun same shi a wurin fa? Ya ce da sun ce kwana ya ƙare, su aiko mini da gaisuwa. Ranar da Auta ya mai da kaki, Kawu ya sa aka yanka zakara, ya ci har da neman ƙari. Auta yanzu hatsi yake aunawa a kasuwa, yana da mata da 'ya.

Bayan nan ba a ƙara aika wa Kawu ya zo wanka bariki ba, sun sami wani mai riƙe baki. Amma labari yakan iso shi. Duk ran da ya ji an kwashe wani a hanya, ba ya cin abincin rana. Yakan tambayi wanda ya kawo labarin abu ɗaya, "Ina yat tsaya?" In an faɗa masa, sai ya kaɗa kai ya ɗauki butarsa.

Ranar Talatar nan, Auta ne ya wanke Kawu, yadda Kawun ya ce. Da ya fito daga ɗakin, hannayen rigarsa a naɗe, idonsa ja, ya tsaya kusa da ni. Ban tambaye shi komai ba, na san ladabin. Shi ya ce, a hankali, "Yaya, na cika mashi." Na ce Allah Ya yi maka albarka. A ranar ban yi kukan baƙin ciki kaɗai ba, har da na godiya, don ƙarami ne ya wanke babba.

Sai ga ranar sadakar uku, ga kurtu a tsakiyar titi. Sufuritanda ya iso da jif, aka shimfiɗa masa darduma a gaba. Muna jiyo muryarsa daga cikin gida, don ya saba magana a filin fareti. Ya ce an yi rashin malami, ya ce duk abin da suka sani shi ya koya musu, ya ce ba za a manta da koyarwarsa ba. Maza suka yi ta cewa haka ne. Sai na fake da raka wata baƙuwa na fito ta ƙofar mata.

Daga nan na ga Auta ya tashi daga kan tabarma, jawabi bai ƙare ba, ya ratsa mutane ya nufi titi. Ya kama hannun kurtun nan, wanda yake sama, ya sauke shi, ya jawo shi gefe. Ya ce, "Ƙanena, nan za ka tsaya. Dibi taya, kak ka dibi direba."

Yaron ya ce, "Yallaɓai yac ce tsakiya."

Auta ya nuna masa gidan ya ce, "Ka san ko gidan wa na wanga?"

Ya ce bai sani ba, an dai ce wani tsohon sufeto ne. Ya ɗan tsaya a gefen, yana duban Auta, yana duban jif. Auta na juya baya ya koma tsakiya da sauri, ya haɗe ƙafa, ya fito da ƙirji, ya ɗaga hannu. Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa ke nan. Can ƙasan hanya wata tirela ta taho da siminti, na rufe ido har sai da na ji ta tsaya.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kaifin bakinsa, Ya sa abin da ya faɗa ya zame masa haske a kabari. Mu da muka rage Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Yaron nan kuwa har na koma Minanata da yamma yana nan a tsakiyar kwalta. Ban san sunansa ba. Ban san wanda zai wanke shi ba, kuma na tabbata ko wane ne, ba zai faɗi abin da ya gani ba.